Tambayoyin da Sababbin Masu Tuƙa Jirgin Rimot Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne dai kullum suke dawowa, duk wanda sha'awar jirgin rimot ta kama shi sai ya yi su, ni ma na yi su har na gajiyar da mutane. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Maganar jirage masu fikafikai ake yi, masu aiki da batir, masu sauƙin kuɗi, ba helikwafta ba kuma ba mai farfela huɗu ba.

Ban taɓa tuƙawa ba, da wane irin jirgi zan fara?

Da wanda bai burge ka ba. Na san idonka yana kan jirgin yaƙin nan mai siririn hanci, to ka haƙura da shi tukuna, wannan sakan goma zai yi a sama ka je kana tsintar shi guntu-guntu. Jirgin koyo yana da alamomi: fikafikansa a saman gangar jiki suke, suna da faɗi, kuma sun ɗan ɗaga sama daga tsakiya zuwa ƙarshe kamar harafin V da aka buɗe sosai. Wannan ɗagawar ita ce take sa in ya karkata ka saki sandar rimot yana ƙoƙarin miƙewa da kansa. Faɗin fikafikai daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya kai kamar mita 1 zuwa 1.4, don ƙanana sosai iska wasa take da su, kuma da sun ɗan yi nisa ba ka gane gaba da baya.

In da hali ka samu wanda farfelarsa take bayan fiffike tana turawa, irin su EasyStar na Multiplex, ko Bixler, ko AeroScout na HobbyZone. Dalili kuwa faɗuwar sabon matuƙi kusan kullum da hanci ce, in moto yana gaba to shi ne zai fara sallama da ƙasa, farfela ta karye, sandar moto ta lanƙwashe. In yana baya kuwa soso ne kawai zai ɗan murƙushe, ka gyara ka ci gaba. Jikin ya zama na soson EPO ko EPP, kar ka fara da na katakon balsa komai kyansa.

Mene ne RTF, BNF da PNP da nake gani a jikin kwali?

RTF komai yana ciki, jirgi da rimot, galibi har batir da caja. BNF akwai risiba, wato na'urar da take karɓar umarnin rimot, a jikin jirgin amma ba rimot, sai ka ɗaura masa aure da naka, kuma dole yarensu ya zo ɗaya, misali na Spektrum da na Spektrum. PNP akwai moto da ESC, wato na'urar da take sarrafa gudun moto, da sarbo, wato ƙananan injinan da suke motsa marafan jela da na fikafikai, amma risiba da rimot da batir duk kai za ka nemo. Wanda yake son ya ɗanɗana ne kawai ya gani, RTF ya ishe shi. Wanda ya san zai daɗe, gara PNP da rimot mai kyau guda ɗaya, don rimot ɗin cikin kwalin RTF mai araha yawanci jirginsa kaɗai yake yi wa aiki, ranar da jirgin ya mutu shi ma ya zama kayan ajiya.

Rimot mai canel nawa zan nema?

Kowane canel abu ɗaya yake juyawa. Totur ɗaya wato mai ƙara wa moto gudu ko rage masa, elebeta ɗaya wato marfin jela mai ɗaga hanci sama ko ƙasa, radda ɗaya wato marfin jela na tsaye mai juya hanci hagu da dama, sai elaron, marafan bayan fikafikai masu karkatar da jirgi. Huɗu ke nan. Akwai jiragen koyo masu canel 3 da ba su da elaron, kuma suna koyuwa lafiya lau. Amma rimot kam ka nemi mai 6 ko fiye, wanda yake iya ajiye saitin jirage da yawa. FlySky FS-i6 ya koyar da mutane masu ɗimbin yawa, na RadioMaster masu manhajar EdgeTX kuma sun fi shi abubuwa amma za ka ɗan sha kai kafin ka saba da menu ɗinsu.

Na yanzu kusan duk 2.4GHz ne, mutum goma za su iya tashi lokaci ɗaya ba wanda zai shiga na wani. A da can, zamanin 35MHz da 72MHz, sai ka tabbatar ba wanda yake kan lambarka kafin ka kunna, in ba haka ba ka kayar masa da jirgi. Abin da za ka duba kafin ka saya shi ne Mode. A Mode 2 totur da radda suna hannun hagu, elebeta da elaron a dama. A Mode 1 totur yana dama. Ba wanda ya fi wani, ka bi wanda mai koya maka yake amfani da shi don ya iya karɓar rimot ɗin da sauri in abu ya rikice.

Dole ne sai na yi simuleta a kwamfuta?

Simuleta manhaja ce da kake tuƙa jirgi a allon kwamfuta. Ba dole ba ne, amma a can faɗuwa kyauta ce. PicaSim kyauta ne, RealFlight na kuɗi ne. Ka jona ainihin rimot ɗinka da kwamfutar, kar ka yi da kibod, yatsu ake koya wa. In ka kai kana iya sauka sau goma a jere a wurin da ka nufa, to ka fito fili.

A ina zan tashe shi, kuma akwai doka?

Fili buɗaɗɗe, aƙalla girman filin ƙwallo biyu, mai ciyawa in an samu, ba mutane, ba motoci, ba wayoyin lantarki, ba bishiyoyi. Maganar bishiya ba wasa nake ba, ko guda ɗaya ce tak a filin sai jirginka ya nemo ta. Rana ta kasance a bayanka, in jirgi ya ratsa ta gabanta za ka makance na ɗan sakanni kuma sakannin nan sun isa. Iska kuma, da sassafe ko dab da faɗuwar rana ta fi kwanciya. In ka ga ƙananan rassa suna kaɗawa ka koma gida, in ganye ne kawai yake motsi bismilla.

Doka kowace ƙasa da tata, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarku ita za ka tambaya. Amma akwai lambobi biyu da suke yawan maimaituwa: tsayin mita 120, wato ƙafa 400, da nauyin giram 250. A Amurka hukumar FAA tana buƙatar rajista in jirgi ya wuce giram 250, kuma tun 2021 akwai ɗan gwajin TRUST ga masu yi don nishaɗi. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma mita 120 suka sa. Kusa da filin jirgin sama ko barikin soja kuwa ko tunaninsa kar ka yi, a ko'ina kake.

Me ake nufi da balas ɗin jirgi, kuma ya ake duba shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan, kuma ita aka fi tsallakewa. Akwai wani wuri a ƙarƙashin fiffike, ana kiransa CG, inda in ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu zai tsaya daidai ba ya rinjaya gaba ko baya. Takardar jirgin za ta faɗi wurin da milimita daga gaban fiffike. In ba takarda, ka auna faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya, wurin yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari daga gaba. Misali fiffike mai faɗin santimita 20, to tsakanin santimita 5 da 6 da rabi. Ka sa alama da biro a ɓangare biyu.

Ka duba da batir a ciki, kamar yadda zai tashi. Hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, shi ake so. In nauyi ya yi gaba da yawa jirgin zai riƙa neman ƙasa, ya sauka da gudu, amma yana tuƙuwa. In nauyi ya koma jela kuwa, da ka sake shi zai ɗaga hanci kamar doki ya yi tirjiya, ya faɗo, ya sake ɗagawa, kana ba shi umarni yana yin nasa, wallahi ko gwani sai ya yi gumi kafin ya dawo da shi. Gyaran mai sauƙi ne, ka matsar da batir gaba ko baya har ya daidaita, sannan ka ɗaure shi sosai, don batir ɗin da yake zamewa a ciki yana canza balas ana cikin tafiya. Bayan kowane gyara da gam ka sake dubawa, musamman in jela ka liƙe, ɗan gam a can baya nauyinsa ya fi yadda kake zato.

Me zan duba kafin na sake shi?

Rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, sannan a jona batir ɗin jirgi. Wajen kashewa a juya, jirgi farko. Daga nan ka tsaya a bayan jirgin ka motsa sanduna kana kallo da idonka: ka ja elebeta wajenka, marfin jela ya ɗaga sama. Ka tura elaron dama, marfin fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Radda dama, ta juya dama. Kar ka ce ai sun motsa shi ke nan, ina suka motsa?

Ni wannan ce ta ci min jirgina na biyu. Na canza sarbo da daddare, na ga komai yana motsi, washegari na jefa shi, ya ɗan karkata hagu na ba shi dama, sai ya ƙara kifewa hagu, na ƙara ba shi, ya juye ciki sama ya caki ƙasa, duka-duka bai yi sakan huɗu ba. Ina tsaye da rimot a hannu ina zargin iska, sai da na ɗauko gangar na motsa sandar na ga elaron a juye yake. Abin da dubawar minti ɗaya za ta hana. Sai kuma balas da aka yi bayani a sama, da gwajin nisa in jirgin sabo ne, wanda yake cikin amsar yankewar sigina a ƙasa.

Ya ake tashi, ya ake sauka?

Duka biyun ana fuskantar iska ne. Ka ba shi totur kamar kashi uku cikin huɗu ko cikakke, ka jefa shi a miƙe, fikafikai daidai, kamar kana miƙa wa wani abu da ɗan ƙarfi. Kar ka cilla shi sama kamar dutse. Zai iya ɗan karkata hagu saboda juyin farfela, ka gyara a hankali. Ka bar shi ya hau sosai kafin ka yi kwana ta farko, don sabon matuƙi gani yake ƙasa-ƙasa ya fi aminci alhali sama ita ce take ba ka lokacin gyara kuskure. In ya hau, ka rage totur zuwa rabi, ka saki sanduna ka gani, in yana jan gefe ɗaya ka gyara da ƙananan maɓallan tirim.

Sauka ka fara gwada ta tun batir da sauran ƙarfi, don ka samu damar fasawa ka sake zagayowa. Ka jero shi daga nesa, ka rage totur, ka bar shi ya gangaro da kansa, sai ya kusa taɓa ƙasa kamar tsayin gwiwa ka ɗan ja elebeta kaɗan. In ba shi da tayoyi ka kashe moto gaba ɗaya kafin ya taɓa.

In ya juyo yana fuskantata sai hagu da dama su rikice min, ya zan yi?

Kowa haka ya fara. In yana zuwa wajenka, ka tura sandar wajen fiffiken da ya yi ƙasa, kamar za ka tokare shi. Wasu kuma juya jiki suke su ba jirgin kafaɗa suna kallonsa ta gefe. Bayan wasu makonni za ka daina tunani, yatsu su riƙa yi da kansu.

Yana cikin tafiya sai ya sunkuyar da fiffike ɗaya ya faɗo, moto kuma lafiyarsa ƙalau. Me ya faru?

Fiffike ne ya daina ɗaukar iska. Yana faruwa in gudu ya ragu kai kuma kana ta jan elebeta, hanci ya ɗaga ya wuce kima, iskar da take bin saman fiffike ta rabu da shi. An fi samun haka a kwana ta ƙarshe kafin sauka, ko nan da nan bayan jefawa. Maganin ya saɓa wa abin da zuciya take so, ita cewa take ka ƙara ja, to sakin elebeta za ka yi hanci ya sunkuya, ka ƙara totur, gudu ya dawo, sannan ka ɗago a hankali. Ka hau can sama ka yi da gangan sau da yawa don ka san alamar jirginka. In kuma yana yawan yi ba dalili, koma ka duba balas.

Lambobin jikin batir ɗin nan me suke nufi?

Ɗauki 3S 2200mAh 30C. 3S sel uku ne, wato ƙananan batura uku da aka jona a jere, kowanne volt 3.7, jimla 11.1, in ya cika kuma kowanne 4.2 ne, wato 12.6. 2200mAh girman tankin ne. 30C yawan wutar da zai iya bayarwa lokaci ɗaya, 2.2 sau 30, amp 66 a rubuce, ko da yake batir masu araha suna yawan cika baki a wannan lambar. Kar ka sa 4S a jirgin da aka ce 3S don neman gudu, ESC ko moto ne zai ƙone. Kuma babban batir ba kullum ne riba ba, nauyi yake ƙarawa ya ɓata balas.

Ya zan kula da batir LiPo, kuma nawa ya kumbura, zan iya ci gaba da shi?

LiPo shi ne irin batir ɗin da jiragen nan suke amfani da shi, kuma da cajar LiPo kawai ake cajinsa, a jona har ƙaramar wayar nan mai farin kai don kowane sel ya cika daidai da ɗan uwansa. Ƙa'idar ita ce 1C, wato mai 2200mAh a amp 2.2, kamar awa ɗaya ke nan. Kar ka jona ka fita, kar ka jona ka kwanta, kuma kar ka ɗora shi kan katifa ko kafet, a kan siminti ko cikin jakar da ba ta cin wuta. Wajen tashi ka sa agogon rimot, ka fara da minti 5 ko 6, ka sauka ka auna, in kowane sel yana wajen 3.7 ka tsaya daidai. In ka saba jira sai moto ya fara yankewa da kansa, kana rage masa kwana, ƙasa da 3.0 kuwa lalacewa ce. In zai kwana biyu ba a yi amfani da shi ba a ajiye shi a 3.8, kusan duk caja mai hankali tana da wannan saitin. Zafi ma makashinsa ne, na taɓa barin guda biyu cike a cikin mota da rana, da yamma na tarar sun yi ciki kamar filo.

Wanda ya kumbura sosai, ko ya lotse a faɗuwa, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. Kar ka huda shi wai iska ta fita, wuta ce za ta tashi. Ka zuƙe shi da ƙaramin ƙwan fitilar mota a waje har ya koma sifili, sannan a kai inda ake karɓar matattun batura. Bayan faɗuwa mai ƙarfi ko bai nuna komai ba ka cire shi ka ajiye a fili na kamar rabin awa kana lura.

Ya faɗi ya karye, da wane gam zan liƙe?

Da farko ka tsince komai, har ɗan guntun da kake ganin ba shi da amfani, soso yana komawa mazauninsa kamar fasasshen faranti. Sai ka san irin sosonka. EPS, farin nan mai burtsatsi irin na cikin kwalin talabijin, sufa gulu na gama-gari narkar da shi yake, sai wanda aka rubuta ba ya cin soso. EPO da EPP suna ɗaukar sufa gulu. Gam ɗin kyandir na bindiga yana da sauri kuma shi ne abokin fili, amma yana da nauyi, yana kuma saki in jirgi ya sha rana. Wurin da yake ɗaukar ƙarfi, kamar mazaunin moto, epoxy mai minti 5 ya fi. In fiffike ya rabe biyu ka soka tsinken gora biyu ko sandar kabon a ciki kafin ka haɗa, ka bi da salatif mai zare a sama da ƙasa.

Hancin EPO da ya murƙushe kuwa, ka zuba masa ruwan zafi a hankali, za ka ga yana kumburowa yana dawowa, fatar za ta ɗan yi ƙuraje amma ba komai. Ka fitar da kayan wuta tukuna. Kyau dai ya tafi, amma jirgin koyo da ba shi da tabo ai ba a tashe shi ba ne.

Moto yana juyawa amma ba ƙarfi, ko yana hura iska ta gaba?

Cire farfela kafin ka taɓa komai, tana yanka yatsa har ƙashi. In moto yana juyi a baibai, cikin wayoyi ukun da suka haɗa shi da ESC ka musanya kowaɗanne biyu. In juyin daidai ne amma sai ƙara ba ja, to farfelar aka sa a juye: rubutun jikinta yana kallon inda jirgi zai nufa, ko a gaba take ko a baya. Lambar 8x4 na nufin tsawonta inci 8, kuma kowane juyi tana neman ci gaba inci 4. Kv na moto kuma yawan juyi ne a minti kan kowane volt, mai 1000Kv a 3S ya kusa 11,000 in ba farfela. In ka ƙara girman farfela wutar da moto yake ja tana ƙaruwa sosai, don haka bayan sauka ka taɓa moto da ESC, in ba ka iya riƙewa na sakan biyar to ta yi masa yawa. Karkarwa mai yawa kuma ko dai farfela ta tsage ko sandar moto ta lanƙwashe. Tsagaggiyar farfela ba a liƙe ta, canzawa ake.

Sarbo yana kuka amma marfin ba ya motsi?

Haƙoran giyarsa ne suka zube, ƙananan nan masu giram 9 yawanci giyarsu ta roba ce, bugu ɗaya ya ishe su. Ka canza shi, in na elebeta ne ka sa mai giyar ƙarfe. Kafin ka ɗaura hannunsa ka kunna rimot ya tsaya a tsakiya, bayan ka gama kuma ka koma amsar dubawa kafin tashi, ka ga abin da ya same ni.

Na'urar daidaita jirgi tana hana mutum koyo ne?

Tana taimakawa sosai ga wanda ba shi da mai koya masa, irin SAFE da yake cikin Apprentice na E-flite, ka saki sanduna jirgi ya miƙe. Matsalar sai in ka zauna a kanta wata da watanni. Ka tashi da ita, ka hau sama, ka kashe, ka yi ta kwana da hannunka, in ka rikice ka mayar. In an samu gwani a kusa, a jona rimot biyu, nasa da naka, shi yana riƙe da maɓalli, wannan ya fi kowace na'ura.

In sigina ya yanke ana sama fa?

Shi ya sa ake saita abin da risiba zai yi in ya daina jin rimot: totur ya koma sifili, marafai su tsaya a tsakiya. Ka gwada a ƙasa, farfela a cire, ka ɗan ba moto wuta sannan ka kashe rimot, in bai tsaya ba to ba a saita ba, kuma irin wannan jirgin in ya ɓace tafiya zai yi ta yi har batir ya ƙare. Gwajin nisa kuma, yawancin rimot suna da saitin rage ƙarfi, ka kunna shi ka ja baya kamar taku 30, wani ya riƙe jirgin yana juya shi kana motsa sanduna.

Eriyoyin risiba biyun nan a ware su, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, nesa da batir da moto da sandar kabon, duk suna tare sigina. Kar kuma ka nuna jirgi da tsinin eriyar rimot, ta gefenta ta fi ƙarfi. Sau da yawa ma abin da ake kira yankewar sigina ba shi ba ne, wutar volt 5 ɗin da ESC yake ba risiba ce take faɗuwa in wani sarbo ya maƙale yana ja da yawa, risiba ya mutu ya sake tashi. In hakan na faruwa ka motsa duk sanduna lokaci ɗaya a ƙasa kana kallon fitilar risiba, in ta ƙifta to ka nemo sarbon da yake cijewa, ko ka sa wa risiba BEC na daban, wato 'yar na'urar da take ba shi wutarsa daga batir.